WATA HUƊU, KWANA 52, SHEKARA 12: Darasi Daga Nehemiya A Kan Haƙuri, Naciya Da Hangen Nesa

Karatu: Nehemiya sura 1 zuwa 7, da sura 13
Ayar haddacewa: Galatiyawa 6:9
Manufa: Domin iyaye da shugabannin ikkilisiya su koyi yadda ake jiran lokaci, yadda ake jimre wahalar tsakiyar aiki, da yadda ake kiyaye abin da aka gina.

GABATARWA

Duk wanda ya saba bin hanyoyin garuruwanmu da ƙauyukanmu ya taɓa ganin ginin majami'a da ya kai linta ya tsaya. Ciyawa ta cika cikinsa, ƙarafan da aka bari a kan ginshiƙai sun yi tsatsa, awaki ne ke kwana a wurin da aka yi niyyar kafa bagade. Ranar da aka aza harsashinsa kuwa an yi waƙa da kiɗa, manyan baƙi sun yi alkawarin buhunan siminti. In ka tambayi dalili, wani zai ce kuɗi ne suka ƙare, wani kuma ya ce an yi wa faston da ya fara aikin canjin wuri, wanda ya gaje shi ya zo da nasa shirin dabam.

Haka abin yake a gidajenmu. Akwai shagon da aka buɗe da murna aka rufe kafin shekara ta zagayo. Akwai yaron da aka sa koyon sana'a ya gudu a wata na uku. Akwai addu'ar iyali da aka fara a watan Janairu, kafin Ista an manta da ita. Mun iya farawa ƙwarai. Inda muke kasawa shi ne kaiwa ƙarshe.

Yawancinmu mun san cewa Nehemiya ya gina garun Urushalima cikin kwana 52. Amma akwai waɗansu lambobi biyu da ba mu cika ambata ba. Kafin ya ɗora dutse ɗaya sai da ya yi wajen wata huɗu yana jira, bayan haka kuma ya yi shekara 12 yana riƙe da mulkin ƙasar. Bari mu bi waɗannan lambobi uku ɗaya bayan ɗaya.

HALIN DA NEHEMIYA YA TARAR

Sojojin Nebukadnezzar, sarkin Babila, sun rushe Urushalima wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Daga baya Farisawa suka karɓi mulki, Sarki Sairus ya ba Yahudawa izinin komawa gida, suka sāke gina Haikali. Amma garun birnin ya ci gaba da zama kango. A zamanin nan birni marar garu kamar gida ne marar ƙofa: kowane ɗan fashi yana iya shiga, maƙwabta kuma ba sa ganin mutanensa da daraja.

Wajen shekara ta 445 kafin haihuwar Almasihu, wato kimanin shekara 140 bayan rushewar, Nehemiya yana fādar Shushan, a ƙasar da ake kira Iran yau. Shi ne mai miƙa wa Sarki Artashate abin sha, aikin da ba a ba kowa sai wanda sarki ya amince masa da ransa. Yana cikin wadata, babu abin da ya rasa. Sai ɗan'uwansa Hanani ya zo daga Yahudiya da labarin cewa mutane suna cikin wahala da kunya, garu a rushe, ƙofofi a ƙone.

1. WATA HUƊU NA JIRA (Nehemiya 1:1 zuwa 2:8)

Nehemiya ya ji labarin a watan Kisle, wanda yake faɗowa wajen Nuwamba da Disamba. Bai yi wa sarki maganar ba sai a watan Nisan, wajen Maris da Afrilu. Mutumin da aikinsa yake kai shi gaban sarki a kai a kai ya riƙe bakinsa har kimanin wata huɗu, alhali zuciyarsa tana ƙuna.

Me ya sa? In mun karanta Ezra 4:17-23 za mu ga cewa Sarki Artashate ya riga ya ba da umarni a tsai da ginin Urushalima, bayan da maƙiya suka kai masa ƙara cewa birnin 'yan tawaye ne. Ashe abin da Nehemiya zai roƙa shi ne sarki ya janye maganar da ya riga ya zartar. Kalma ɗaya da ba ta faɗi daidai ba tana iya jawo masa mutuwa, ta kuma rufe ƙofar taimako ga mutanensa na shekaru masu yawa.

Mu lura da abin da ya yi da watannin nan. Ya yi kuka, ya yi azumi, ya yi addu'a, ya kuma furta zunubin jama'arsa yana haɗawa da nasa da na gidan mahaifinsa. Amma bai tsaya nan ba. Ranar da sarki ya ga ɓacin rai a fuskarsa ya tambaye shi bukatarsa, amsoshinsa a shirye suke. Ya faɗi lokacin da zai ɗauka. Ya roƙi wasiƙu zuwa ga masu mulkin yankunan da zai ratsa. Ya san sunan mai kula da kurmin sarki, wato Asaf, ya kuma san wuraren da zai bukaci katako dominsu. Wanda bai zauna ya yi lissafi ba, ba zai iya ba da irin waɗannan amsoshi a tsaye ba.

Wannan ya nuna mana bambancin haƙuri da lalaci. Malalaci yakan zauna ya ce yana jiran Allah. Mai haƙuri kamar manomi yake a ƙarshen rani: ruwa bai sauka ba, amma ya share gona, ya kai taki, ya gyara fartanya, ya ware iri. Ranar da ruwa ya sauka ba ya zuwa aron komai.

Mu kwatanta da Sarki Saul a Gilgal (1 Sama'ila 13). An ce masa ya jira kwana bakwai. Da ya ga mutanensa suna watsewa sai ya miƙa hadayar da ba aikinsa ba ne ya miƙa, yana gamawa sai ga Sama'ila ya iso. Ɗan lokaci kaɗan ne ya rage masa, amma rashin jiran wannan ɗan lokaci ya raba gidansa da sarauta. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Ba mu rasa irin wannan a zamaninmu ba. A watan Disamba na 2016 shirin nan na MMM, wanda ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata guda, ya tsai da biyan mutane a Nijeriya, iyalai da yawa suka yi asarar kuɗin makarantar yara da jarin sana'a. Masu bi ma suna cikin waɗanda abin ya shafa. Tarkon ya kama mutane ne ta wurin sha'awar girbi ba tare da damina ba.

2. DUBAWA KAFIN MAGANA (Nehemiya 2:9-20)

Nehemiya ya isa Urushalima da wasiƙun sarki da rakiyar mahayan dawakai. Da wani ne, da ya tara jama'a ran nan ya yi jawabi. Shi kuwa ya yi kwana uku bai faɗa wa kowa nufinsa ba. Sa'an nan ya tashi da dare tare da mutane kaɗan, ya fita ta Ƙofar Kwari, ya bi ta Ƙofar Juji zuwa Ƙofar Maɓuɓɓuga, yana duba ɓarnar da idonsa, har ya kai inda dabbar da yake hawa ta rasa wurin wucewa. Sai bayan wannan ya kira firistoci da manya da sauran jama'a. Da ya yi magana kuma, ya sa kansa cikin masu shan kunyar, ya gayyace su su yi aikin tare da shi.

Ga darasi ga sabon fasto, da sabuwar shugabar Zumuntar Mata, da sabon shugaban matasa, har da amaryar da ta shiga gidan miji. Kada ka fara sauya abin da ba ka riga ka gane ba. Tambayi dattawa dalilin da ya sa ake yin abu yadda ake yinsa. Duba littafin ma'aji da idonka. Ziyarci gidajen da suka daina zuwa sujada ka ji daga bakinsu. Shugaban da ya yi watanninsa na farko yana sauraro yakan sami masu binsa sa'ad da ya ce a tashi.

3. KWANA 52 NA NACIYA (Nehemiya 3 zuwa 6)

Sura ta 3 jerin sunaye ce, shi ya sa da yawa sukan tsallake ta, amma a cikinta asirin saurin aikin yake. An raba garun kashi-kashi. Babban firist Eliyashib da 'yan'uwansa firistoci suka ɗauki Ƙofar Tumaki. Maƙeran zinariya, masu haɗa turare da 'yan kasuwa duk sun riƙe dutse. Wani mai mulki, Shallum, ya yi aiki tare da 'ya'yansa mata. Da yawa an ba su sashin da yake daura da gidajensu, gama mutum ba ya yin ha'inci a bangon da zai tsare 'ya'yansa. Manyan Tekowa sun ƙi sa hannu, amma Nehemiya bai tsai da aiki domin ya yi jayayya da su ba, talakawan Tekowa kuwa suka gama sashinsu suka ƙara ɗaukar na biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gwaji uku ne suka taso, kowanne ya fi na bayansa wuya.

Na farko, ba'a da barazana daga waje. Sanballat ya yi musu dariya a gaban sojojin Samariya, Tobiya kuma ya ce ko ƙaramar dabbar jeji ta hau ginin zai zube. Nehemiya bai mayar musu da zagi ba. Ya kai ƙara wurin Allah, aiki ya ci gaba. Da barazanar ta zama ta yaƙi, ya yi addu'a ya kuma sa masu tsaro dare da rana. Ya jera mutane iyali-iyali da makamansu, ya ajiye mai busa ƙaho kusa da shi, aka riƙa aiki daga asuba har fitowar taurari.

Mu lura da lokacin da ƙarfin mutane ya fara karyewa. Sa'ad da garun ya kai rabin tsayinsa ne (4:6, 10). Murnar farawa ta wuce, ƙarshe bai bayyana ba, sai tarin tarkace suke gani. Nan ne yawancin ayyuka suke mutuwa: gini a linta, ɗalibi a tsakiyar karatu, aure sa'ad da yara suka yi yawa kuɗi suka yi kaɗan. In kana wannan wuri yau, ka sani gajiyar da kake ji ba shaida ba ce cewa Allah bai kira ka ba. Rabin hanya haka yake ga kowa. Abin da Nehemiya ya yi shi ne ya juyar da idanun mutane daga tarkacen zuwa ga girman Ubangiji, da kuma matansu da 'ya'yansu waɗanda dominsu ake ginin.

Na biyu, ɓaraka daga ciki (sura 5). Ana yunwa, ga harajin sarki. Talakawa sun jinginar da gonakinsu da gidajensu, waɗansu har 'ya'yansu sun shiga bauta a hannun 'yan'uwansu Yahudawa masu ba da bashi da ruwa. Nehemiya ya husata ƙwarai, amma aya ta 7 ta nuna sai da ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya buɗe baki. Sa'an nan ya kira babban taro, ya sa masu arziki su mayar da gonaki da gidaje, ya kuma sa su rantse a gaban firistoci. Da ya ce a bar maganar sai an gama gini, da garun ya tsaya amma jama'ar da ke cikinsa sun tarwatse. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ikkilisiyar da take tara kuɗin gini alhali gwauraye da marayun cikinta suna kwana da yunwa, ko ma'aikatanta sun yi watanni ba albashi, ta riga ta tsage ko da an yi mata fenti.

Na uku, jan hankali (sura 6). Da maƙiya suka ga tsoro bai yi aiki ba, sai suka gayyace shi taron shawara a filin Ono. Sau huɗu suka aika, sau huɗu ya ba da amsa iri ɗaya, cewa aikin da ke hannunsa ya fi ƙarfin ya bar shi ya sauka wurinsu. A karo na biyar suka aiko da wasiƙa a buɗe, domin kowa ya karanta, suna zarginsa da neman sarauta. Ya musa a taƙaice ya koma bakin aiki. Daga ƙarshe suka biya wani mai suna Shemaiya ya yi masa annabcin ƙarya, ya ce ya gudu ya ɓuya cikin Haikali. Nehemiya ya gane ba Allah ne ya aiko shi ba, domin shawarar za ta kai shi ga zunubi da zubar da mutunci. Shugaba ya san cewa ba kowace gayyata ake amsawa ba, ba kowace jita-jita ake bi ba, ba kuma kowane mai cewa Ubangiji ya aiko shi ne Ubangiji ya aiko ba. Aka gama garun ran 25 ga watan Elul, har maƙiya suka gane hannun Allah yana cikin aikin.

4. SHEKARA 12 NA RIƘO (Nehemiya 5:14-19, 7:1-5, 13)

Da Nehemiya mai neman suna ne, da ya koma Shushan washegari da labarin nasara. Amma ya ga birnin yana da fāɗi, mutanen ciki kaɗan ne, gidaje ma ba a gina ba. Ya naɗa masu tsaron ƙofofi. Ya danƙa riƙon birnin ga Hanani da Hananiya, an kuma faɗi dalilin zaɓen Hananiya: amintacce ne, mai tsoron Allah fiye da yawancin mutane. Ya ba Ezra wuri ya karanta wa jama'a Shari'a, bai ji ƙyashi ba don wani ya tsaya a kan dakali shi yana ƙasa. Aka jefa kuri'a domin mutum ɗaya cikin goma ya dawo ya zauna a Urushalima.

Daga shekara ta 20 zuwa ta 32 ta sarautar Artashate bai karɓi abincin da ya cancanci mai mulki ba, ko da yake waɗanda suka riga shi sun nawaita wa jama'a. Bai sayi gona ba a lokacin da talauci yake tilasta wa mutane rabuwa da gonakinsu. Mutum 150 suna ci a teburinsa, ban da baƙi. Ikon da ya samu na tsawata wa masu ba da bashi da ruwa ya fito ne daga tsabtar hannunsa.

Duk da haka sura ta 13 tana da ɗaci. Bayan ya koma wurin sarki na ɗan lokaci ya dawo, ya tarar an ba Tobiya, maƙiyin nan, ɗaki a cikin harabar Haikali. Lawiyawa da mawaƙa sun koma gonakinsu domin an daina ba su rabonsu. Ana ciniki a ranar Asabar. Nehemiya bai ce ya gaji ba. Ya sāke ɗaura ɗamara ya gyara abubuwan ɗaya bayan ɗaya. Dutse ya ɗauki kwana 52, zuciyar mutum kuwa shekara 12 ba ta ishe ta ba. Iyaye, ku riƙe wannan. Gina ɗaki ya fi renon ɗa sauƙi, kuma abin da aka koya wa yaro bara sai an sāke koya masa bana.

MISALI DAGA TARIHIN BISHARA A ƘASARMU

Ran 4 ga Disamba 1893 samari uku suka sauka a Legas da nufin kai bishara cikin ƙasar da Turawa suke kira Sudan a lokacin: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham ya tsaya a Legas. Sauran biyun suka nufi arewa, kafin ƙarshen 1894 duka biyu sun rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma Kanada ba tare da ko tasha ɗaya ba. A 1900 ya sāke zuwa, zazzaɓi ya sāke kayar da shi aka mai da shi gida. Sai a ƙoƙari na uku, wanda shi ya shirya amma waɗansu suka tafi, aka kafa tasha a Patigi, cikin ƙasar Nufe, a 1902. Fiye da shekara takwas ke nan da kaburbura biyu kafin a sami wurin zama na farko.

Bingham ya rasu a 1942. Ikkilisiyar ECWA, wadda ta fito daga aikin SIM, an kafa ta a 1954, shekara 12 bayan mutuwarsa. Bai gan ta ba. Haka kuma waɗanda suka isa Wase a 1904, da waɗanda suka yi sujada ta farko a gindin tsamiya a Garkida a 1923, da waɗanda suka yi shekaru suna fassara har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, tare da masu bishara 'yan ƙasa da suka bi ƙauyuka da ƙafa, waɗanda da yawansu ba a rubuta sunayensu ba. Muna zaune a inuwar itatuwan da suka dasa. Wane itace ne mu muke dasawa domin jikokinmu?

YADDA ZA MU AIKATA

Ga maigida da uwargida: ku zauna ku biyu ku rubuta abu ɗaya da kuke so gidanku ya kai gare shi nan da shekara goma, da abin da za ku yi dominsa a wannan wata. Ku bar yara su ga kuna ajiya kaɗan-kaɗan, gama da yayyafi kogi kan cika. Kada ku kwatanta ɗanku mai koyon sana'a da ɗan maƙwabci wanda ya yi kuɗi dare ɗaya ba a san hanyarsa ba, domin irin wannan magana ta tura samari da yawa cikin hallaka.

Ga shugabannin ikkilisiya: ku gama aikin da na gabanku ya fara kafin ku aza sabon harsashi, ko da ba sunanku za a rubuta a jikinsa ba. Ku bayyana wa jama'a lissafin kuɗi a fili. Tun ranar da aka zaɓe ku, ku fara horar da wanda zai gaje ku.

Ga matasa: Yusufu yana da shekara 17 sa'ad da labarinsa ya fara, yana da 30 sa'ad da ya tsaya a gaban Fir'auna. Shekara 13 na tsakani ya yi su cikin bauta da kurkuku, a can kuwa ya koyi riƙon amana da sarrafa dukiya. Kada ku raina wurin da kuke yau.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA A GIDA

1. Me Nehemiya ya yi cikin wata huɗu na jira? Ta yaya za mu bambanta jira irin nasa da lalaci?
2. Wane aiki ne a gidanmu ko a ikkilisiyarmu ya tsaya a rabi? Mene ne ainihin abin da ya tsai da shi?
3. Akwai wanda muke riƙe da hakkinsa, ko muke matsa masa da bashi, kamar a sura ta 5?
4. Mene ne yake yawan janye mu daga aikin da Allah ya ba mu, kamar gayyatar filin Ono?
5. Wa muke shiryawa domin ya ci gaba da aikin bayanmu?

ADDU'A

Ya Ubangiji Allahnmu, kai da ka yi haƙuri da mu tun muna masu zunubi, ka gafarta mana gaggawarmu da saurin karayarmu. Ka koya mana jira da shiri, ka ƙarfafa hannuwan waɗanda suka gaji a tsakiyar aiki, ka ba shugabanninmu tsabtar hannu. Ka sa mu gina abin da 'ya'yanmu da jikokinmu za su tarar a tsaye. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.